BABI NA UKU: YALWAR MA'ANA A KALMAR INGILISHI "BOW" DA TAKWARARTA TA HAUSA "BAKA"

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bitar ra'ayoyin masana game da ilimin ma'ana da rassansa. A wannan babi kuwa za a ɗauki kalma guda ta Ingilishi, wato "bow", a zayyana ma'anoninta, sannan a gwada ta da kalmar Hausa "baka" kamar yadda ake amfani da ita a cikin birnin Zariya. Dalilin zaɓen waɗannan kalmomi shi ne, dukkansu sun faro ne daga abu mai lanƙwasa, kuma kowace ta yaɗu zuwa fannonin rayuwa da dama, amma hanyar da kowace ta bi ta sha bamban da ta 'yar uwarta a wurare masu yawa. Wanda duk bai san inda suka haɗu da inda suka rabu ba, zai yi ta tuntuɓe wajen fassara. An zaɓi birnin Zariya ne saboda a nan ne ɗaya daga cikin ma'anonin "baka", wato ta fannin gini, ta fi yin fice a ƙasar Hausa.

3.1 Yalwar Ma'ana da Kamancin Sauti

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a bambanta abubuwa biyu da ɗalibai kan cakuɗa. Na farko shi ne yalwar ma'ana, wato kalma ɗaya mai asali ɗaya ta kasance tana ɗauke da ma'anoni fiye da ɗaya, waɗanda ke da dangantaka da juna. Misali kalmar "kai" tana nufin sashen jikin mutum, tana kuma nufin saman abu, kamar kan dutse, da kuma hankali, kamar a ce "yaron yana da kai". Duk waɗannan daga tushe guda suka fito.

Na biyu shi ne kamancin sauti ko na rubutu, wato kalmomi biyu masu asali daban-daban su zo da siga iri ɗaya, ba tare da wata dangantaka a tsakaninsu ba. Misali "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama da "fari" na ƙwaro, waɗanda rubutun yau da kullum ya haɗa su, alhali karin sauti ko tsawon wasali ya raba su a baki.

Ma'aunai biyu ne za a yi amfani da su a nan wajen rarrabewa. Ma'auni na farko shi ne tarihin kalma, idan an san shi. Ma'auni na biyu kuwa shi ne ko mai magana da harshen yana iya ganin zaren da ya ɗaure ma'anonin. Kamar yadda za a gani, kalmomin nan biyu kowace tana da rabonta na yalwar ma'ana da kuma na kamancin rubutu.

3.2 Kalmar "Bow" a Ingilishi

A rubuce kalmar haruffa uku ce, amma a baki furuci biyu gare ta. Akwai wanda ya yi kusa da "bou", wanda ke tafiya da kalmar "go", akwai kuma "bau", wanda ke tafiya da kalmar "now". Masana tarihin Ingilishi sun nuna cewa a Tsohon Ingilishi, wato harshen da aka yi magana da shi a Ingila kafin ƙarni na 12, akwai aikatau "bugan" mai ma'anar lanƙwasawa, da kuma suna "boga" mai ma'anar abu lanƙwasasshe, kuma tushensu ɗaya. Daga sunan ne furuci na farko ya fito, daga aikatau ɗin kuma na biyu ya fito.

3.2.1 Ma'anonin Furuci na Farko

A ƙarƙashin furucin "bou" ana samun waɗannan ma'anoni:

(a) Makamin da ake harba kibiya da shi. Wannan ita ce ma'anar da ta fi shahara, kuma makamin yana da babban matsayi a tarihin Ingila, domin maharba masu dogon baka ne suka taimaka wa Ingilishi cin nasara a kan Faransawa a yaƙin Agincourt a shekarar 1415.

(b) Sandar da aka ɗaura wa gashin doki ana goga ta a kan tsirkiyar kayan kiɗa irin su gogen Turawa.

(c) Ƙulli mai kunnuwa biyu, irin wanda ake yi wa igiyar takalmi, ko wanda ake ɗaurawa a wuyan riga.

(d) Duk wani abu mai siffar rabin da'ira. Daga nan aka sami harɗaɗɗun kalmomi kamar "rainbow", wato bakan ruwan sama, da "elbow", wato lanƙwasar hannu, da "oxbow", wato lanƙwasasshen itacen da ke zagaye wuyan sa a jikin karkiya, wanda masana labarin ƙasa suka ara suka raɗa wa tafkin da kogi ke bari idan ya yanke kwana.

(e) Lanƙwasasshen gini da ke ɗauke da gada ko rufi. Wannan ma'ana ta tsufa a Ingilishin yau, amma ta bar sawunta a sunayen wurare. Unguwar Bow da ke gabashin Landan ta sami sunanta ne daga wata gada mai irin wannan gini da aka yi a kan kogin Lea a ƙarni na 12. Haka kuma cocin St Mary-le-Bow na Landan ya sami sunansa daga lanƙwasassun ginshiƙan ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa.

3.2.2 Ma'anonin Furuci na Biyu

A ƙarƙashin furucin "bau" kuwa, ma'ana ta farko ita ce sunkuyar da kai ko rusunawa don gaisuwa ko girmamawa ko ibada. Daga nan ta yaɗu zuwa miƙa wuya, kamar a ce wani shugaba ya sunkuya wa matsin lamba, wato ya ba da kai. Idan kuma aka haɗa ta da "out" sai ta ba da ma'anar janyewa daga wani aiki ko takara cikin mutunci, domin ɗan wasa kan rusuna wa 'yan kallo kafin ya bar dandali.

Akwai kuma ma'ana ta daban mai wannan furuci, wato goshin jirgin ruwa. Mai karatu zai iya zaton ita ma daga lanƙwasa ta fito, tunda goshin jirgi a lanƙwashe yake. Amma masana asalin kalmomi sun danganta ta da wata kalma ta harsunan Holan da arewacin Jamus mai ma'anar kafaɗa, 'yar uwar kalmar "bough", wato reshen itace. Ke nan wannan misali ne na kamancin sauti, ba na yalwar ma'ana ba. Abin lura a nan shi ne, ma'aunai biyun da aka ambata a 3.1 sun saɓa wa juna: tunanin mai magana yana ganin dangantaka, tarihi kuwa ya ce babu. A irin wannan hali masu ƙamus sukan bi tarihi, shi ya sa manyan ƙamusoshin Ingilishi ke ware wa wannan ma'ana gurbinta daban.

3.3 Kalmar "Baka" a Hausa

Kalmar "baka" suna ce, jinsin namiji, jam'inta "bakunkuna". Idan aka nuna karin sauti da tsawon wasali za a rubuta ta bàkaa, wato gaɓar farko ƙasa da gajeren wasali, ta biyu sama da dogon wasali. Tana cikin ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da waɗanda suka biyo bayansu. Ba kamar "bow" ba, babu wani rubutaccen tarihi mai nisa da zai nuna ta fito daga aikatau mai ma'anar lanƙwasawa. A Hausa makamin shi ne tushe, sauran ma'anoni kuma an same su ne ta hanyar kamanta siffarsu da tasa.

3.3.1 Baka a Matsayin Makami

Baka sanda ce mai ƙarfi da dauriya da ake tanƙwarawa a ɗaura wa tsirkiya daga wannan kai zuwa wancan. Ba a cika ambatonsa shi kaɗai ba, sai a ce "kwari da baka", kwari kuwa shi ne gidan kibau. Kafin yaɗuwar bindiga, 'yan baka su ne ƙashin bayan dakarun ƙasa a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa. A yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804, mafi yawan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo 'yan baka ne, suka fuskanci dawakin Gobir. A wannan zamani ne kuma Malam Musa ya ci birnin Zariya a 1808, Sarki Makau ya fice ya yi kudu. Bayan zamanin yaƙi ya wuce, baka ya saura a hannun mafarauta da makiyaya da 'yan tauri, sunansa kuma ya saura a sarautar Sarkin Baka, wato shugaban maharba.

Wani abin sha'awa shi ne kalmar "tsirkiya" ita ma ta bi irin wannan hanya. Igiyar baka tsirkiya ce, igiyar molo da ta garaya da ta goge ita ma tsirkiya ce. A nan zaren da ya haɗa ma'anonin shi ne igiya ɗaurarriya tamau wadda ke rawa idan an taɓa ta.

3.3.2 Bakan Shiɓa

Ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce tun kafin zuwan Turawa, kuma kaɗi sana'ar mata ce a cikin gidajen birni. Bayan an gurje auduga an fitar da angurya, sai a shiɓe ta kafin a kaɗa da mazari. Abin da ake shiɓar da shi ɗan ƙaramin baka ne mai tsirkiya, ana sa shi cikin audugar ana fizgar tsirkiyar, rawar da take yi ita ke warware audugar ta yi laushi. Sunansa bakan shiɓa. A nan siffa da ƙira duk irin na makamin ne, aikin ne kawai ya bambanta, don haka wannan ita ce ma'anar da ta fi kusa da tushe. Raguwar kaɗin hannu saboda zaren masaƙu na zamani ya sa kalmar ta yi ƙaranci a bakin matasa.

3.3.3 Bakan Gizo na Sama

"Bakan gizo" harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga "baka" da mahaɗin "-n" da "gizo". Yana nufin lanƙwasasshen zanen launuka da ke bayyana a sama lokacin damina. Gizo dai shi ne gwarzon tatsuniyoyin Hausa, mijin Ƙoƙi, wanda aka sani da wayo da ha'inci. Ma'anar harɗaɗɗen sunan ba ta fitowa daga haɗa ma'anonin sassansa, domin babu mai tunanin wani makami mallakar Gizo idan ya ji an ce bakan gizo ya fito. Sashen farko ne ke ɗauke da siffa, na biyu kuwa yana nuni ga abin al'ajabi wanda ake gani amma ba a kama shi.

A kimiyyance bakan gizo yana samuwa ne idan hasken rana ya shiga ɗigon ruwan da ke cikin iska, ya karye ya rarrabu zuwa launuka, ya dawo wa idon mai kallo a kan kusurwar da ta kai kimanin digiri 42. Saboda haka dole rana ta kasance a bayan mai kallo, shi ya sa da yamma ake ganinsa a gabas, da safe kuma a yamma. Hausawa suna cewa bakan gizo yana shanye ruwa, har ma ana kiransa masha-ruwa. Wannan zance yana da tushe a lura da yanayi, domin bakan gizo ba ya fitowa sai hadari ya tsage rana ta leƙo, wanda sau da yawa alama ce ta ruwa ya ɗauke ko hadarin ya watse. Greenberg, a littafinsa na 1946 kan addinin Maguzawan ƙasar Kano, ya ambaci iskan da ake kira Gajimare, wanda ake dangantawa da bakan gizo a siffar maciji. Ke nan kalmar tana ɗauke da nauyin al'ada wanda "rainbow" ta Ingilishi ba ta da irinsa.

3.3.4 Bakan Gizo na Gini

Wannan ita ce ma'anar da ta fi alaƙa da birnin Zariya. A bakin magina, bakan gizo shi ne lanƙwasasshen ginin da ke tasowa daga bango ko ginshiƙi, ya haye sararin ɗaki, ya sauka a ɗaya ɓangaren, yana ɗauke da rufin soro. Ya kamata a lura cewa a nan an yi kamance hawa biyu: an fara kamanta zanen sama da makami, sannan aka kamanta gini da zanen sama. Magina ba su ce "bakan soro" ba, sai suka ɗauki harɗaɗɗen sunan ɗungurungum, wataƙila saboda shi ma ginin a saman kai yake, ana ɗaga ido a gan shi ya tashi daga wannan gefe ya faɗa wancan.

Dalilin ƙirƙiro wannan fasaha shi ne ƙarancin dogon katako mai ƙarfi. Abin da magini ke da shi shi ne azara, wadda ake faskarawa daga giginya, kuma an fi son ta saboda gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Don a sami faffaɗan zaure, sai magini ya kafa azaru a cikin bango suna ɗan karkatowa ciki, ya ɗaure su da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Daga nan ya ɗora wani sahun a kan na farko, wanda ya fi shi karkatowa, haka haka har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. Kowane ɓangare ana kiransa ƙafa. Idan irin waɗannan ƙafafu suka gitta wa juna a tsakiyar ɗaki, sai a kira tsarin ɗaurin guga, saboda ya yi kama da yadda ake gicciya ɗaurin bakin gugar rijiya. A mahaɗar kuma akan manna tasa ko faranti don ado. Daga waje abin da ake gani shi ne tulluwa. Duk waɗannan sunaye, wato ƙafa da ɗaurin guga da bakan gizo, an aro su ne daga jikin mutum da kayan gida da sararin sama, wanda ke nuna yadda masu sana'a ke samar da kalmominsu daga abin da kowa ya sani.

Babban misalin wannan fasaha shi ne Masallacin Juma'a na Zariya da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Akwai unguwa a cikin birni mai suna Babban Gwani. Masana gine-gine irin su Moughtin a littafinsa na 1985 da Dmochowski a nasa na 1990 sun yi bayanin masallacin da zane-zane, kuma an gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabon gini na zamani. A ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani ɓangare na rufin masallacin ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Wannan abin baƙin ciki ya ƙara nuna cewa fasahar da kalmomin da ke bayyana ta suna bukatar a adana su a rubuce, domin siminti da kwanon rufi sun rage yawan maginan da suka iya ɗaura bakan gizo, kuma kalma ba ta daɗewa bayan aikin da take suna ya gushe.

3.3.5 Baka Biyu

Ma'ana mafi sabunta ita ce ta ƙa'idojin rubutu. Alamomin nan biyu masu lanƙwasa da ake killace ƙarin bayani a tsakaninsu ana kiransu baka biyu. A nan babu sanda, babu tsirkiya, babu gini, siffar kaɗai ta rage. Larabci ma haka ya yi, domin kalmar "ƙausu" tana nufin makamin, tana shiga cikin sunan bakan gizo na sama, tana nufin lanƙwasasshen gini, sigarta ta biyu-biyu kuma ita ce sunan waɗannan alamomi. Ingilishi kuwa bai yi amfani da "bow" a wannan gurbi ba.

3.4 Kalmomin da Suka Yi Kama da "Baka" a Rubuce

Kamar yadda goshin jirgi ya shiga rigar "bow" ba tare da dangantaka ba, haka Hausa ke da nata. Na farko shi ne bakà, mai karin sauti sama-ƙasa da gajerun wasula, wanda bayanau ne da aka samo daga "baki", kamar a ce "ya sa goro a baka". Shi ne ke cikin "adabin baka", wato adabin da ake bayarwa da baki. Na biyu shi ne "ba ka", kalmomi biyu da ƙa'idar rubutu ta ce a raba, kamar a "zan ba ka" ko "ba ka zo ba", amma marubuta da yawa kan haɗe su. Na uku shi ne "baƙa", tamatar "baƙi", wadda ke komawa "baka" idan na'urar rubutu ba ta da harafi mai ƙugiya. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Maharbi ya rataya baka.
(2) Maharbi ya zuba magani a baka.
(3) Maharbi zai ba ka nama.
(4) Maharbi ya harbi baƙar gada.

Bahaushe ba ya ruɗewa idan ya ji su, domin karin sauti da muhallin magana sun wadatar. Ruɗanin na mai karatu ne, musamman mai koyon harshen.

3.5 Inda Harsunan Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Idan aka jera ma'anonin gefe da gefe, za a ga harsunan sun haɗu a wurare uku: makami da zanen sama da lanƙwasasshen gini. Wannan haɗuwa ba aro ba ce, domin bakan gizo ya girmi zuwan Ingilishi ƙasar Hausa. Haka abin yake a Faransanci, inda "arc" ke ɗauke da ma'anonin uku, da Jamusanci, inda "Bogen" ke ɗauke da su, da Larabci kamar yadda aka nuna. Abin da wannan ke nunawa shi ne, al'ummomin da suka san baka sukan mayar da shi ma'aunin duk wani abu mai rabin da'ira.

Sun kuma rabu a sauran wuraren. Lanƙwasar hannu a Hausa gwiwar hannu ce, wato an kamanta ta da gwiwar ƙafa. Sandar goge akan kira ta izga, da sunan gashin wutsiyar dokin da aka ɗaura mata, ke nan Hausa ta dubi abin da aka yi ta da shi, Ingilishi ya dubi siffarta. Ƙullin igiyar takalmi kuwa ƙulli ne ko zarge.

Babbar rabuwa tana wajen aikatau. Hausa ba ta mayar da "baka" aikatau, tana da jerin kalmomi daban, kowace da muhallinta. Ana lanƙwasa ƙarfe ko waya, ana tanƙwara itace, kamar yadda karin magana ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutum yana sunkuyar da kai don kunya ko baƙin ciki, yana duƙawa don ɗaukar abu ko noma, yana rusunawa don gaida na gaba, yana durƙusawa ya kai gwiwa ƙasa, kamar a karin maganar nan, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A gaban sarki kuwa cewa ake yi ya faɗi ya yi gaisuwa. A cikin salla kalmar Larabci ce ke aiki, wato ruku'u, kuma ba a musanya ta da wata. Ke nan abin da Ingilishi ya tara a kalma ɗaya, Hausa ta rarraba shi gwargwadon sashen jikin da ya motsa, da nisan da ya yi zuwa ƙasa, da kuma matsayin wanda ake yi dominsa.

3.6 Tasirin Wannan ga Fassara da Tsara Ƙamus

Zariya tana da daɗaɗɗen tarihi a aikin fassara, tun daga Hukumar Fassara da Hukumar Talifi na shekarun 1930, zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da Kamfanin Gaskiya na 1945. Matsalar da ake magana a kai tana gaban duk mai irin wannan aiki. Ga misalai:

(5) The hunter drew his bow.
Maharbin ya ja bakansa.
(6) The messenger bowed before the Emir.
Manzon ya faɗi ya gaida Sarki.
(7) The worshippers bowed behind the Imam.
Masallata suka yi ruku'u a bayan liman.
(8) The fisherman sat in the bow.
Masuncin ya zauna a goshin kwalekwale.
(9) The chairman bowed out of the race.
Shugaban ya janye daga takarar.

A cikin jimloli biyar, ɗaya ce kawai ta karɓi "baka". Ɗalibin da ya haddace cewa "bow" ita ce baka zai ci ɗaya ya faɗi huɗu. Idan kuma aka juya, mai fassara bayanin magini zuwa Ingilishi ya ga "an ɗaura bakan gizo uku a zauren", ya sa "rainbow", to ya ɓata zancen gaba ɗaya, domin kalmar da ta dace a Ingilishin yau ita ce "arch".

Game da ƙamus, abin da wannan nazari ke nunawa shi ne, ya kamata bàkaa ta sami gurbi guda, a jera ma'anoninta daga tushe zuwa rassa: makami, bakan shiɓa, bakan gizo na sama, bakan gizo na gini, baka biyu. Ita kuwa bakà ta sami gurbinta daban tare da nuni zuwa "baki". Ya kuma dace a riƙa nuna fannin da kowace ma'ana ta fito, kamar gini ko kaɗi, da misali daga bakin masu sana'ar, domin ma'anonin sana'a su ne suka fi saurin ɓacewa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bambanta yalwar ma'ana da kamancin sauti, an zayyana ma'anonin "bow" a ƙarƙashin furucinta biyu, an kuma nuna cewa ma'anar goshin jirgi asalinta daban ne. An bi ma'anonin "baka" guda biyar, aka tsaya a kan bakan gizo na gini saboda matsayinsa a birnin Zariya. An gano cewa harsunan biyu sun yi tarayya a ma'anoni uku, sun rabu a sauran, kuma Hausa ta fi rarrabe kalmomi a wajen lanƙwasar jikin mutum saboda muhimmancin gaisuwa da ibada a rayuwar Bahaushe. A babi na gaba za a duba sauran kalmomin magina na birnin Zariya da hanyoyin da aka bi wajen samar da su.